Ina silin haske yake daina aiki?

Malam Hamadu, Garwa

Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da nake so mu warware kafin mu shiga babin haske da yara. Tun a ƙananan azuzuwa muna koya musu cewa haske a miƙe yake tafiya. Mu ɗauki rula mu ja layi daga fitila zuwa ido, mu sa masa kan kibiya, mu ce ga silin haske. Da shi muke bayyana inuwa, da madubi, da lens, da husufi. Sai yaro ya iso Tarminal, ajin ƙarshe na sakandare, mu ce masa haske taguwa ne, irin taguwar ruwa, yana bazuwa in ya ratsa ƙaramin rami. Yaro mai hankali dole ya tambaya wanne ne gaskiya. Ni ban yarda a ce masa na farkon ƙarya ne ba, ban kuma yarda a ce masa duka biyun daidai ne a wuce ba. A ba shi lissafin da zai gane da kansa inda silin yake aiki da inda yake gazawa. Ina son jin ta bakin masu aiki da haske kullum, ba mu malamai kaɗai ba.

Bakari, Marwa

Wa alaikumus salam, Allah ya gafarta Malam. Ni ina ganin iyakar a fili take ko a bakin titi. A dubi inuwar falwaya da hantsi. Ta wajen gindi gefenta ya fita ras, amma can inda inuwar kan falwayar ta faɗi sai gefen ya yi dishi-dishi, ba a iya cewa ga inda inuwa ta ƙare. Ashe wannan ba bazuwar haske ba ce?

Malama Hadiza, Marwa

Ba ita ba ce, ƙanena, kuma a nan ɗalibai da yawa suke zamewa. Silin haske da kansa ne yake bayyana wannan dishi-dishin. Rana ba ɗigo ba ce, faifai ce mai faɗin kimanin rabin digiri a sama, wato faɗinta kashi 1 cikin 108 na nisanta da mu. Sili yana tasowa daga gefenta na dama, wani daga na hagu, kowanne yana jefa tasa inuwar, sai inuwoyin su ɗan saɓa. Faɗin saɓanin shi ne nisan abu da inuwarsa a raba da 108. In tsakanin kan falwaya da inda inuwarsa ta faɗi mita 10 ne, dishi-dishin zai kai santimita 9. Bazuwar taguwa a wannan nisan milimita 2 ce da 'yan kai, ta nutse a cikin santimita 9 ɗin, ido ba zai taɓa ganin ta ba.

Ka shiga ƙarƙashin dogon yaro da azahar, ga su nan birjik a titunan Marwa, ka dubi ƙasa. Ɗigon hasken da ke faɗowa ta tsakanin ganye duk kewayayyu ne, alhali kafofin da suka biyo babu kewayayya ko ɗaya a ciki. Kowane ɗigo hoton rana ne. Auna faɗinsa ka ninka da 108, ka sami nisan kafar da ya biyo: ɗigo mai santimita 4 da rabi daga kusan mita 5 ya fito. In rana ta karkata sai su yi tsawo ta gefe ɗaya, a auna ta gajeren gefen. Ranar da aka yi husufin rana na ɓangare, duk ɗigon nan sai su koma siffar jinjirin wata. Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya rubuta maƙala sukutum a kan siffar husufi ta ƙaramar kafa, kuma da silin haske kaɗai ya yi bayanin.

Malam Hamadu, Garwa

Madalla, Malama. To ga lissafin da nake nufi. Abu uku ake buƙata. Rabin faɗin ramin, ko na abin da ya tare hasken, mu kira shi a. Tsawon zangon hasken, λ, wato tazarar tudun taguwa da na gabansa, wanda ga hasken da ido ke gani yake tsakanin nanomita 400 da 700 (nanomita kashi 1 cikin miliyan ne na milimita), mu riƙi 550. Sai nisan bangon da hasken zai faɗa, L. A lissafa a² ÷ (λ × L). Shi ake kira adadin Fresnel. In ya fita ɗaruruwa ko dubbai, ja layinka da rula hankali kwance. In ya matso 1, silin ya fara gazawa. In ya yi ƙasa da 1, a ajiye rula.

Ƙofa mai faɗin mita 1, bango a mita 5: kusan 90,000. Rami mai faɗin milimita 2, takarda a santimita 2 bayansa: 90, silin yana nan daram. Ramin nan dai, amma bango a mita 2: 0.9. Ramin bai canja ba, nisa ne ya canja.

Shi ya sa jimlar nan da ake haddacewa, wai haske ba ya bazuwa sai ramin ya yi ƙanƙanta daidai da tsawon zango, take ba ni takaici. Ramin milimita 2 ya ninka tsawon zango sau fiye da 3,600, amma a mita 2 zobba sun riga sun bayyana a cikin tabon, in dai hasken daga ɗigo ɗaya ya fito, irin na leza.

Alhaji Sali, Kusseri

Malamai, ni dai roƙona kada a rage wa silin daraja a idon yara. Aikin tabarau kusan dukkansa a kansa yake. Lambar gilashi 1 ce a raba da nisan fokas a mita, wato nisan inda gilashin yake tattara haske, shi ya sa lamba +2.50 ta karatu take tattara haske a santimita 40. Zama tsakiyar gilashi daidai da ƙwayar ido ma lissafin sili ne: kaucewa a santimita a ninka da lambar gilashi, shi ne ƙarfin firizim, wato karkatar da haske gefe, da aka jefa wa ido ba da niyya ba. Gilashi mai lamba 4 da ya kauce da milimita 5 ya zama firizim 2. In sama ko ƙasa ya kauce a ido ɗaya, mai shi zai dawo da ciwon kai, wani har ya riƙa ganin abu biyu-biyu. Wannan ne yake faruwa da tabarau na kan tire da ake saye ba a auna tazarar idanu ba.

Amma wuri biyu silin yake barin mu. Na farko gwajin ƙaramar kafa. Ana sa wa mutum baƙin faifai mai kafa ta milimita 1 zuwa 1 da rabi ya karanta allon haruffa. In ganinsa ya gyaru, matsalar ta tabarau ce. In bai gyaru ba, a tura shi wajen likitan ido, ƙila yana ce ko wani abu a bayan ido. A lissafin sili, iya ƙanƙantar kafa iya kyan gani. A zahiri da ta yi ƙasa da milimita 1 sai haruffa su fara dusashewa, su yi duhu.

Na biyu shafin hana ƙyalli. Gilashin da ba shi da shafi yana mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na haske a kowace fuska, kashi 92 ne kawai yake ratsawa. Shafi mafi sauƙi kaurinsa kimanin nanomita 100 ne, rubu'in tsawon zango a cikinsa. Hasken da ya dawo daga saman shafin da wanda ya dawo daga ƙasansa sai su haɗu a saɓe, su kashe juna. Sili ba ya kashe sili, wannan aikin taguwa ne. Ɗan kore ko shunayya da ake gani a fuskar gilashin, launin da bai mutu duka ba ne. Kuma a gaya wa jama'a: in aka bar tabarau a gaban mota a zafin Afrilu, robar tana buɗewa fiye da shafin, sai shafin ya yi tsattsage ƙanana. Ba ya gyaruwa.

Malama Hadiza, Marwa

Maganar kafar nan ta Alhaji ana iya kai ta aji da gwangwanin madara. A sami mai tsawon santimita 15, a shafe cikinsa da baƙin fenti marar ƙyalli, a huda gindin da faɗi, a rufe bakin da takardar kwafi mai shara-shara. Kafar kanta kada a yi ta a jikin gwangwanin, ƙarfen ya yi kauri. A yanko fallen gwangwanin lemo, a ɗora kan katako, a juya tsinin allura a hankali, a goge bayan da lallausar takardar yashi don kada tsaga ta rage a baki. A yi kafa uku: milimita 2, rabin milimita, da 0.1.

Dusashewar sili daidai take da faɗin kafar. Ta taguwa kuwa 2.44 × λ × L a raba da faɗin kafar. A kafar milimita 2, ta sili milimita 2 ce, ta taguwa 0.1. A ta rabin milimita, 0.5 da 0.4. A ta 0.1 sai lissafin ya juye: ta sili 0.1, ta taguwa milimita 2. Babbar kafa da ƙaramar duk hoto ɗaya suke lalatawa, amma dalilin kowacce daban, mai kyan tana tsakiya.

Abin da ke ɓata gwajin shi ne duhu. Kafar 0.1 tana shigar da kashi 1 cikin 400 na hasken da ta milimita 2 take shigarwa, ba za a ga bishiya ko gini da ita ba. A yi amfani da tocila mai ƙwayaye da yawa a ɗaki mai duhu, a lulluɓe kai da zane, a duba ko ƙwayayen sun rabu ɗaya-ɗaya ko sun narke wuri guda.

Usmanu, Njamena

Ina da ƙorafi a kan zanen nan na littattafai, inda ake nuna sili yana tafiya a cikin faiba, zaren gilashin da ke ɗaukar saƙo da haske, yana bugun bango sama da ƙasa. Ga faiba mai faɗin ciki, mikron 50 ko 62.5 (mikron kashi 1 cikin dubu ne na milimita), zanen yana da amfani. In ma'aunin karya haske, wato yadda abu yake rage gudun haske, na cibiya 1.48 ne, na rigar da ke kewaye da ita ya gaza shi da kashi 1 cikin 100, silin da ya fi yin gwauro da mari zai makara da kusan nanosakan 50 a kowace kilomita a kan wanda ya bi tsakiya. Shi ya sa irin wannan faiba ba ta nisa.

Amma wadda ake ja tsakanin garuruwa, irin wadda aka shimfiɗa tare da bututun man Doba zuwa Kribi, cibiyarta mikron 8 zuwa 9 ce, hasken kuma nanomita 1310 ko 1550. Faɗin cibiyar bai wuce tsawon zango shida ko bakwai ba. Babu wurin bugun bango. Siffa ɗaya tak hasken yake ɗauka, kuma wani ɓangarensa a cikin rigar yake tafiya, ba a cibiya ba. Faɗin hasken kusan mikron 9.2 ne a 1310, ya kai 10.4 a 1550.

Ga inda wannan yake shafar aiki. Tun da 1550 ya fi fita cikin rigar, shi ya fi zubewa a lanƙwasa. In na'urar OTDR, mai gano inda haske ke raguwa a faiba, ta nuna asara a wani wuri, a auna da zango biyun. In asarar kusan ɗaya ce, haɗi ne bai yi kyau ba. In ta 1550 ta fi ta 1310 nesa ba kusa ba, an matse zaren ne ko an naɗe shi da yawa a cikin akwati. Faiba ta yau da kullum, G.652, ba a naɗa ta ƙasa da milimita 30 daga tsakiyar kewaye. Wanda zanen bugun bango kaɗai ya sani ba zai gane abin da ya sa zango biyu suka ba da amsa biyu ba.

Malam Hamadu, Garwa

Na ji ka, Usmanu, amma ba zan cire zanen ba. Yaron da ke koyon dokar Snell da Descartes ta karyewar haske da shi yake gane kusurwar iyaka, wadda daga ita haske yake dawowa gaba ɗaya, digiri 42 daga gilashi zuwa iska, kusan 49 daga ruwa zuwa iska. In ka hana shi wannan ka ba shi siffar taguwa a cikin cibiya, ba abin da zai kama.

Usmanu, Njamena

Ban ce a cire ba, Malam. A rubuta faɗin cibiyar a gefen zanen, a ce wannan na mai mikron 50 ne. Layi ɗaya ne.

Malama Hadiza, Marwa

Usmanu yana da gaskiya a nan. Kuma fitar hasken zuwa bayan iyaka ana ganin ta da kofin gilashi. A cika shi da ruwa, a riƙe, a leƙa ta sama ana duban bangon kofin ta ciki. Bangon zai yi ƙyalli, ba a ganin yatsu, don haske yana dawowa gaba ɗaya. A matsa yatsa da ƙarfi, ya ɗan jiƙe da gumi. Sai zanen yatsa ya fito layi-layi: tudun fata ya bayyana, kwarin da ke tsakani ya zauna da ƙyallinsa. Ko a dawowa ta gaba ɗaya, taguwar tana ɗan leƙawa waje da abin da bai kai mikron 1 ba. Tudun da ya shigo wannan tazarar yana ɗauke hasken, kwarin ya yi masa nisa.

Hajiya A'isatu, Ngaundere

Sannunku da ƙoƙari. A ɗakin gwajin jini wannan iyakar ita ce katangar da muke jingine da ita kullum. Lissafin sili ya ce a ƙara lens a kan lens, girma ya yi ta ƙaruwa ba iyaka. Abbe ya nuna tun 1873 cewa ba haka ba ne. Mafi ƙanƙantar tazarar da madubin likita zai raba ita ce kimanin 0.61 × λ a raba da lambar NA, ma'aunin faɗin kusurwar hasken da lens ke karɓa, da ke rubuce a jikin objektif, wato lens ɗin da ke kusa da abin da ake dubawa. A objektif 100 na mai, NA 1.25 ce, amsar kusan mikron 0.27. Jar ƙwayar jini mikron 7 zuwa 8 ce, zoben ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikinta mikron 1 zuwa 2, suna fitowa sarai da rinin Giemsa. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B nanomita 42 ce. Ba lens ɗin da zai nuna ta da hasken ido, ko nawa aka saye shi.

Girman da ke da amfani bai wuce NA sau 1,000 ba, wato 1,250. Objektif 100 da maduba ta 10 sun ba da 1,000, daidai ke nan. Wanda ya sa maduba ta 20 ya sami 2,000, hoto ya yi girma, ba sabon abin da ya fito.

Kurakuran da ke cinye wannan 0.27 ɗin sanannu ne. Duba da objektif 100 ba mai: in iska ce a tsakani NA ba ta kaiwa 1, kuma lens ɗin da mai aka lissafa shi, hoto sai ya yi hazo. Sa man gyaɗa ko wani mai in na ainihin ya ƙare: na ainihin ma'auninsa 1.515 ne, daidai da gilashi, man gyaɗa wajen 1.47, ga shi yana daskarewa a bakin lens. Juya objektif 40 ya shafi man da ke kan gilashi, shi kuwa busasshe ne, daga nan komai dishi-dishi har sai an goge. Na ƙarshe shi ya fi yawa: rufe diyafram ɗin kondansa, wato ƙofar lens ɗin ƙasa mai tattaro haske, don a rage haske. Hoton yana ƙara baƙi da fari, mai dubawa ya ji daɗi, amma ya rage kusurwar hasken, ya rage rabewa, har zobba na ƙarya suna fitowa a gefen ƙwayoyi. A rage haske ta maɓallin fitila, kondansa ya zauna a sama, diyafram a buɗe.

Ibrahim, Abeshe

Hajiya, abin da kika faɗa shi ne a kyamara. Ɗigon haske ba ya sauka a matsayin ɗigo, tabo yake yi mai faɗin 2.44 × λ × lambar f, wadda take ƙaruwa in an rufe idon kyamara. A f/8 mikron 11 ne, a f/22 kusan 30, alhali piksel ɗin kyamara mai miliyan 24 bai wuce mikron 4 zuwa 6 ba. Masu rufe ido zuwa f/22 don komai ya fito daga gaba har baya suna samun zurfin, amma duk hoton ya yi laushi. A buɗe gaba ɗaya kuma, f/1.8, gefe-gefe yana dusashewa, sai dai wannan laifin gilashi ne, silin gefe da na tsakiya ba sa haɗuwa wuri ɗaya. Mafi yawan lens tsakanin f/5.6 da f/8 suka fi kaifi.

Wayoyin da ake tallata da piksel miliyan 108, piksel ɗinsu mikron 0.7 ko 0.8 ne, tabon kuwa a f/1.8 mikron 2.4. Piksel uku a jere abu ɗaya suke gani. Wayar ma da kanta tara-tara take haɗa su ta ba ka hoton miliyan 12.

Bakari, Marwa

To kawalwalniya fa? A kwaltar Garwa zuwa Marwa da rana tsaka ana ganin ruwa kwance a gaba. Haske ya lanƙwasa ke nan, bai tafi a miƙe ba. Nan ma silin bai gaza ba?

Malam Hamadu, Garwa

Bai gaza ba. Sharaɗin miƙewa shi ne abin da hasken ke ratsawa ya zama iri ɗaya ko'ina, mu ne muke mance faɗin sharaɗin. Dokar da ta fi faɗi ita ce ta Fermat ta 1662, cewa sili yana bin hanyar da ta fi saurin kai shi. Iskar da ke kwance kan kwalta ta fi ta sama zafi, ma'aunin karya haskenta yana raguwa da kusan kashi 1 cikin miliyan a kowane digirin zafi. In bambancin digiri 10 ne, silin da ya sauko a kwance da kusurwar da ba ta wuce rubu'in digiri ba zai lanƙwaso sama kafin ya taɓa kwalta. Abin da ido ke gani hoton sama ne. Direban da idonsa ke mita 1.2 daga ƙasa zai fara ganin kawalwalniyar wajen mita 270 a gabansa. Yana matsowa kusurwar tana ƙaruwa, shi ya sa take ja da baya. Iskar tana canjawa a tsawon santimita, tsawon zango rabin mikron ne, ga taguwar wannan canji a hankali yake ƙwarai, don haka silin yana nan.

Usmanu, Njamena

Inda silin yake gazawa a sararin sama shi ne launi. Ƙwayoyin iska ba su kai nanomita 1 ba, suna watsa gajeren zango fiye da dogo, shuɗi na 450 kusan sau 6 a kan ja na 700, sama ta yi shuɗi. In hunturu ya kwaso ƙurar Bodele daga arewacin Chadi, ƙwayoyin ƙurar mikron ɗaya ne zuwa 'yan mikron, sun kai tsawon zango ko sun fi. Irin waɗannan kusan daidai suke watsa kowane launi, kuma gaba suka fi turawa. Sai sama ta yi fari fat, rana ta zama farin faifai da haske kewaye da ita. Lissafin da Mie ya fitar a 1908 ne yake kama wannan. A hana yara ƙura wa rana ido a hazo, rashin jin zafi a ido ba ya nufin ba ta cutarwa.

Alhaji Sali, Kusseri

Kada kuma yara su tashi da cewa taguwa ce ƙarshen magana. Farantin sola na silikon ba ya ba da wuta da hasken da zangonsa ya wuce nanomita 1,100, ko da an ƙara masa ƙarfi. Wannan sai da bayanin Einstein na 1905, cewa haske ƙunshi-ƙunshi yake miƙa kuzarinsa.

Malama Hadiza, Marwa

Haka ne, Alhaji. Malam Hamadu, ga gwajin da nake ganin ya kamata kowane aji ya yi, ko makarantar ba ta da ɗakin gwaji. Leza ja ta nuni, nanomita 650, wadda ba ta wuce miliwat 1 ba. A guji koraye masu araha, sau da yawa ƙarfinsu ya fi abin da aka rubuta, wasu kuma suna fitar da hasken da ido ba ya gani. A yanke taga a kwali, a miƙe silin gashi ɗaya a tsaye a manne shi sama da ƙasa. A ɗaure maɓallin lezar da roba, a kafa ta kan littattafai, kada a riƙe a hannu. Bango ya kasance mita 2 daga gashin, daga gashin ake aunawa ba daga lezar ba.

Lissafin sili ya ce za a ga tabo ja da siririyar inuwa a tsakiya. Abin da zai fito layi ne a kwance, tsinke-tsinke, haske da duhu, yana dusashewa hagu da dama. Tazarar duhu da duhu λ × L ce a raba da kaurin gashin. Gashi mai mikron 80 zai ba da santimita 1.6. Kada a auna tabon tsakiya, hasken da ya wuce ta gefen gashin ya haske shi, iyakarsa ba ta fita. A manna takarda, a yi alama da fensir a duhu na uku ta hagu da na uku ta dama, a auna, a raba da 6. Wajen santimita 9.8 zai yi, kuskuren milimita 2 kashi 2 cikin 100 ne kawai.

In rukuni biyu suka sami amsa daban da gashin mutum ɗaya, ba lallai kuskure ba ne. Gashinmu mai murɗewa ba kewayayye ba ne, ya fi faɗi ta gefe ɗaya, in aka juya shi amsar sai ta canja. Don tabbatar da lissafi a fara da silin waya ta tagulla wanda aka san kaurinsa.

Bakari, Marwa

Malama, a littafi tsaga ce ake zanawa, ba gashi ba. Yaya abin da ya tare haske zai ba da zane irin na abin da ya bar shi ya wuce?

Malama Hadiza, Marwa

Ka haɗa hasken da tsaga take bari da wanda gashi mai faɗinta yake bari, ka sami hasken lezar cikakke, wanda ba ya zuwa gefe ko kaɗan. Tun da jimlarsu a gefe sifili ce, dole taguwar ɗaya ta zama daidai da ta ɗayan a juye, ido kuwa ƙarfi yake gani, ba ya ganin juyin. Ƙa'idar Babinet ke nan, a tabon tsakiya ne kawai suke bambanta.

Akwai wanda ya fi wannan. Da Fresnel ya miƙa aikinsa na cewa haske taguwa ne ga majalisar masana kimiyya ta Faransa a 1818, Poisson ya lissafa cewa in maganarsa gaskiya ce, dole a sami ɗigon haske a tsakiyar inuwar kewayayyen abu, ya kawo wannan a matsayin hujjar rushe ta. Arago ya gwada, ɗigon ya fito. Kai ma za ka iya. Ciro ƙwallon boris na keke mai milimita 3 ko 4, ka manne shi da ɗan ɗigon gam a kan gilashi mai tsabta. Kwance ƙaramin lens ɗin da ke bakin lezar, hasken ya bazu daga ɗigo ɗaya. Ƙwallon a mita 1 daga lezar, farar takarda a mita 1 ko 2 bayansa, ɗaki ya yi duhu sosai. Ɗigon bai kai milimita ba, sai an matso, ko a ɗauka da waya a buɗa hoton. Ƙwallon ya zama sabo, in ya yi tsatsa ko ya lotsa taguwoyin gefensa ba za su iso tsakiya tare ba. Gam ɗin ma kada ya leƙo ta gefe.